Akuya Ta Cinye Sunanta

A firamaren Unguwar Tsamiya, bayan Ringim,
na rubuta sunan komai da Turanci,
na manna da ƙaro:
ƙofa, taga, randa,
har bencin nan mai ɗingishi.

Tambai, mai nauyin baki a aji,
ya roƙi takarda ɗaya,
ya ɗaura wa akuyar innarsa a wuya.

Da safe ya zo da zare kawai.
"Malama, ta cinye sunanta."
Aji ya kece da dariya.

Na ce, "To, kai ma ka manta?"
Ya daɗe yana kallon yatsun ƙafarsa,
sannan ya faɗe shi a hankali,
kamar mai ajiye ƙwan zabi a kan dutse.

Ban gyara masa lafazi ba.
Gobe ma rana ce.