Talatin da Ɗaya

Kafin ladanin Aboabo ya sauke murya
na riga na share tsakar gida,
na tanadi igiyar shanya ta ɗaure ƙyaure,
don sakatar ta karye tun watan azumi.

Suna zuwa goye a bayan iyaye mata,
masu sammakon kasuwar Kejetiya.
Kowacce ta sauke nata a hankali kamar tulu,
ta ce, "Tasalla, ga amana."
Kalma ce mara nauyi a baki.
Ni ke ɗauke da ita har bayan la'asar.

Talatin da ɗaya.
Hannuwana biyu, na Akosuwa biyu.
Mu huɗu ne a takardar da ke manne a bango,
amma Fuseina ta koma sayar da shinkafa da wake
da albashin wata uku ya ƙi fitowa.
Ta huɗun kuwa sau ɗaya na ga fuskarta,
ranar da mai dubawa ya zo:
Hajiya ta aro 'yar ƙanwarta, ta sa mata rigar aiki,
ta aro tukunyar kashe gobara daga gidan mai.
Ya sha lemo, ya sa hannu.
Da yamma aka mayar da tukunyar, aka mayar da yarinyar.

Na san wanda gyaɗa ke kumbura wa fuska.
Na san wadda ba ta barci sai an shafa mata kunne.
Na san Mubaraku yana cizo in yunwa ta taɓa shi.
Babu littafin da aka rubuta wannan.
Ranar da ciwo ya kwantar da ni, da shi zan kwanta.

Ran Talata sama ta ɓalle.
Kwatar bakin ƙofa ta cika ta batse,
tana jan leda, da gwangwani, da warin silifa.
Akosuwa na wanke wanda ya ɓata wando,
ni ina raba koko,
bakina yana jan kawuna kamar carbi.
Talatin.
Na sake.
Talatin.
Igiyar ƙyaure tana lilo.

Ban yi ihu ba, ihu sai mai sauran numfashi.
Na fita ba takalmi, ruwa na marin idona,
ina leƙa kwata, ina roƙon kada in ga komai,
ina kiran Sadiƙu,
yaron da ko "na'am" bai iya ba tukuna.

A rumfar mai gyaran rediyo na same shi,
kan cinyar Baba Isaka, yana tsotsar burodi.
Tsohon bai zage ni ba. Da ma ya zaga.
Da bakin sukundireba ya nuna min ƙasa,
ya ce, "Taku uku ya rage."

Da uwar ta zo da tire a ka,
Hajiya ta taka min ƙafa ta ƙarƙashin tebur.
Na faɗa duk da haka.
Ta dube ni, ta dubi ɗanta,
ta taɓa ƙullin cinikin yini a bakin zane.
Washegari ta sake kawo shi.
To ina za ta kai shi?

Da kuɗin motata na sayi sabuwar sakata,
Baba Isaka ya kafa, ya ƙi karɓar ko sisi.
Hajiya ta ce za ta biya ni ƙarshen wata.
Ba ta faɗi wane wata ba.

Sakata ba ta goyo,
ba ta jin tarin da ya canza murya.
Har yau hannu huɗu ne.

Mijina ya ce cikin barci ina ƙirga.
In na kai talatin sai in yi tsit,
numfashina ya tsaya a wuya,
sai ya ce a hankali, "Da ɗaya,"
sannan in juya.