Sikeli Biyu a Belem

Ran Litinin nake shiga kwale-kwale
da kwalabe goma sha biyu a akwatin sanyi,
kowacce da lamba a wuya kamar akuyar kasuwa.
Ni ce Ivanilde, mai ɗiban ruwa,
ruwan da ba a sha, sai dai a yi masa tambaya.

A mashigin farko launinsa na shayi ne,
yadda kakata ta san shi.
A na huɗu, ƙasa da matatar, ya ɗan yi ja,
jan da ba na faɗuwar rana ba.
In tsoma, in toshe, in rubuta ƙarfe nawa.
Masunta na kallo daga nesa.
Sun daina tambayata me na gano,
tun da suka gane amsar na tafiya birni
ba ta dawowa.

A ɗakin gwaji komai yana da gurbinsa.
Tan huɗu na jar ƙasa su haifi biyu na farin gari,
biyun su sha lantarki su haifi ɗaya na sanholo,
mara nauyi, mai ƙyalli, kamar bai taɓa cin kowa ba.
Akwai layin hayaƙi, akwai layin ruwa,
akwai layin jar lakar da aka tara bayan katanga
tana jiran damina ta yi mata kuskure.
Na duba takardar sama da ƙasa,
ban ga inda zan sa mangwaron kaka Benedita ba,
wanda madatsar ruwa ta haɗiye da shi da inuwarsa.

Kawuna Domiciano kuwa kura yake turawa.
Tun asuba yana bin bayan masu shagali,
ya ga gwangwani, ya taka da dunduniya, ƙwas,
ya jefa a buhu.
Saba'in da 'yan kai ke cika kilo.
Ya san haka ba da alƙalami ba,
gwiwarsa ce ke riƙe masa lissafi.

Rahotonmu ya ce gwangwanin da aka sake narkawa
biyar cikin ɗari kawai yake ci na wutar sabo.
Muka sa wannan da manyan baƙaƙe,
aka tafa mana a taro, aka raba lemo a gwangwani.
An ce “an ceto” casa'in da biyar.
Wa ya ceto, ba a faɗa ba.
Wanda ya yi noma daban, wanda aka yi wa barka daban.

Ran Lahadi ya ce mini, “Ke mai awo,
zo ki auna mini mai auna ni.”
Na bi shi rumfar dillali, bayan tashar mota,
ba ni da komai sai kwalba ta huɗu
da na manta a jaka,
lita guda cif ta ruwan kogi, kilo guda ke nan, har da ɗoriya.
Na ɗora ta kan sikelin.
Allurar ta yi rawa, ta yi kunya,
ta tsaya a ɗari tara.

Dillali ya ce zafi ne ke sa ƙarfe kasala.
Kawu bai yi faɗa ba.
Ya ƙirga shekara goma sha ɗaya da yatsunsa,
yatsun suka ƙare, ya ara ɗaya a hannuna.

Da dare na buɗe littafin aiki.
A ƙasan shafi, inda aka ce “ƙarin bayani”,
na rubuta: gwangwani bakwai a kowane kilo,
gwiwa ɗaya, ta hagu,
mangwaro ɗaya.
Na san shugabana zai ja layi a kai.
Amma sai ya karanta kafin ya ja.

Kwalbar tana kan taga har yanzu.
Jan ya kwanta a gindinta,
ruwan sama-sama ya yi garau
kamar wanda bai san komai ba.