Taƙi Ɗaya da Yatsu Uku

A ƙauyenmu, kan tudun da ke hango Modena,
inda inabi ke bin waya layi-layi,
babana Ottavio ya riƙe mota ɗaya shekara arba'in:
kujera biyu, ba rufi, launin ganyen zaitun.
Injinta ya mutu ran wata Talata a hawan coci,
ya yi tari sau biyu, bai ƙara ba.

Sai ga Gualtiero ɗan gwangwan da wani a bayan akori-kura,
silinda takwas, baƙi wuluk, nauyin bijimi.
Muka rataye shi a sarƙa, muka sassauto a hankali.
Ya ƙi zama.
Hancinsa na dukan lagireto,
ƙeyarsa na tokarin bangon da ke raba direba da wuta.
Baba ya shimfiɗa hannu a kan abin da ya yi saura:
taƙi ɗaya da yatsu uku.

Gualtiero ya ce a nemo ƙarami.
Baba ya ce yaro in ya girma riga ake wa ƙari.

Kwana goma sha ɗaya yana awo.
Ya tuɓe mata jiki har sai ƙashin baya,
ƙarfe biyu dogaye kwance bisa jak huɗu.
Ya ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa,
ya zana da alli, ya goge da yawu, ya sake zanawa.
Miyar da na kawo masa ta huce a kan durom.

Ran yanka ya ɗauki zarto,
hannun ya hau rawa kamar ganye.
Ya dube shi, ya dube ni.
“Nives, zo.”
Ni da aikina lissafin kuɗin kamfanin cuku,
ni na tsaga ƙarfen da ya kai uwata asibiti daren haihuwata.
“Kada ki yanka a miƙe,” in ji shi,
“karkace shi, walda ta sami wurin kamawa.”
Da zarton ya fita ta ƙasa, motar ta yi wani ɗan ƙara,
gabanta da bayanta suka rabu,
hasken taga ya faɗo ta tsakani.

Ba mu yi magana ba sai da yamma.

Muka zura sabon ƙarfe cikin tsohon,
muka ɗiga walda nan, muka tsallaka can,
don zafi, in an bar shi gefe guda, jan ƙarfe yake.
Farfela aka sake mata tsawo,
sandar sitiyari, bututun birki, salansa,
kowa ya zo da kokensa.
Taɓa ɗaya, goma su farka.
Murfin inji ma sai da aka yi masa maho,
Baba na bubbuga shi da gudumar katako har tsakar dare
yana shafawa da ido a rufe.

Ran da ta tashi, tantabarun coci suka watse.
Na tuƙa, yana gefe riƙe da hula.
A miƙaƙƙiyar hanya ta zauna daram,
a kwanar gidan burodi kuwa ta nemi fili,
ba ta juya yadda ta saba ba.
“Ta manta kwanar,” na ce.
“Sai ki koya mata,” ya ce.

Muka dawo gida da duhu, na shigar da ita gareji,
wanda shi ya gina da hannunsa daidai tsawonta na da.
Na ja ƙofa. Ta daki bamba.
Na sake ja. Ta sake daka.
Baba ya sunkuya ya auna abin da ya leƙo waje,
ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
sannan ya ce in duba bayan tsani
ko babbar gudumar tana nan.