Awon Tela

Yarinyar ta zo da takarda da biro,
sunanta maƙale a ƙirji: Sa'adatu.
Ta ce, "Baba, tambayoyi ne kaɗan.
Daga ɗaya zuwa biyar,
nawa za ka ba rayuwarka a makon jiya?"

Na dube ta.
Shekara arba'in da ɗaya ina awon mutane a Tudun Wada,
kafaɗa, ƙugu, tsawon hannu,
ban taɓa ce wa mutum ya faɗi awonsa ba.
Tef nake ɗorawa, tef ya yi magana.

"Taku nawa kake yi kafin ciwon ya kama?"
Wannan kam na sani.
Daga ƙofata zuwa teburin Ɗanjuma mai shayi, saba'in da huɗu.
Nan sha-raɓa ke ɗaurewa
kamar zare ya harɗe a ƙoshiya.
Sai in tsaya, in yi kamar ina karanta allon mai gyaran waya,
allon da na haddace tun bara.
Daga nan zuwa masallaci, sittin.
Da, sahun farko nake samu,
yanzu tahiya nake tararwa.

Ta rubuta lamba.

"Barci fa?"
Ki tambayi Kulu.
Ita ke ganina tsakar dare ina sauko da ƙafa daga gado,
in bar ta tana reto
kamar guga a rijiyar da ta ja baya,
ko jini zai tuna hanya.
Tafin sanyi ƙalau kamar gindin randa,
ko da bazara.

Likita ya ce hanyoyin jinin sun tsuke,
irin lungun cikin birni bayan Ƙofar Doka
in mai kura ya yi kiciɓis da mai kura.
Ya ce taba ce.
Ban yi musu ba.

Amma babu gurbi a takardarta
na keken ɗinkina da ke lulluɓe da tsohon zane,
feda ta manta nauyina.
Babu na gawar Shu'aibu da na raka da ido,
don maƙabarta ta fi ƙarfin takuna.
Babu kuma na jikata Ummita,
da ta koyi rage sauri ba wanda ya koya mata.
Tana tsayawa daidai inda nake tsayawa
ta ce takalminta ne ya saɓule.

"To nawa zan sa, Baba?"

A bakin asibitin Shika
kwandasta na ta kiran Kwangila, saura mutum ɗaya.
Na ce, "Sa uku.
Amma ki bar rara a kalmasa,
yadda muke yi wa rigar yaro."

Ta yi dariya, ta zagaye ukun.
Na ɗau sandata na fito ina ƙirgawa.
Tamanin da ɗaya kafin ya kama ni.
Na waiga in gaya mata,
har ta zauna gaban wani dattijo.