Mai Fito a Nafada

Ni ne Barkindo, mai fito a Nafada.
Shekara ashirin gorata na taɓa ƙasan Gongola,
in ɗauko mutum can, in sauke shi nan,
ban taɓa kifar da ko ɗan akuya ba.
Bara ne na kusa nutsewa, kuma a tudu.

Na karɓi wuridi hannun Modibbo Hammadikko.
Ya ce ɗari da safe, ɗari da maraice.
Na ga ɗari ba ta kashe ƙishi irin nawa,
na mai da ita dubu, na ɗora dubu a kai.
In dare ya raba, gari ya yi tsit,
sai ni da kwaɗi, kowa da nasa tasbihi.
Wani sanyi ke sauka a ƙirjina
kamar ruwan randa bayan an sha rana.
In yi kuka ban san abin da na rasa ba,
in ji kamar ana kiran sunana daga ƙetare.

Sai barci ya sace ni gab da assalatu.
Ladan ya kira, ya sake kira, ina wata duniya.
Na farka rana ta hau dangar Goggo Adama,
carbi a hannu, Asuba ta yi gaba.
Ran farko na ji kunya.
Rana ta biyu na ce gajiya ce.
Kafin wata ya mutu abin ya zama jiki.

Litinin da Alhamis bakina a rufe,
ga ramuwar kwana huɗu ta watan azumi
zaune a wuyana, ban ko waiwaye ta ba.
Ga kuɗin katakon Sa'adu kafinta,
na ce masa sai kaka, kaka biyu ta wuce.

Wata Laraba Modibbo ya zo fito.
Ya tattare riga, ya zauna, bai ce uffan ba
sai da muka kai inda ruwa ke juyi.
"Barkindo, ba na ganinka a sahun Asuba."
Na ce, "Allah gafarta Malam, raya dare nake."
Ya sa yatsa a wata 'yar kafa
inda ruwa ke tsattsafowa tsakanin katako.
"Gorar nan taka ta sha ado," in ji shi.
"Yaushe rabonka da toshe jirgin?
In ya nutse, sai ka goya mu a kan gorar."

Ya ɗauki ƙwarya yana kwalfe ruwan da kansa,
tsoho, da rawani, har muka kai gaɓa.
Ya biya kuɗin fito, na ƙi karɓa,
ya ce, "Wannan haƙƙi ne. Kyauta sai bayan haƙƙi."

Na rama kwana huɗun a tsakiyar bazara.
Na sayar da tunkiya, na sallami Sa'adu.
Wuridi ya koma ɗari, kamar yadda aka ba ni.
Ba zan ɓoye ba, ina kewar daren nan.
Sau da yawa Asuba takan zo mini a bushe
kamar ƙanzo, ba hawaye, ba sanyin ƙirji,
sai tarin tsofaffi da warin tabarma mai raɓa.
Ina tsayawa dai, kafaɗata a jikin ta Sa'adu.

Gora ba laifinta, da ita ake matsowa kusa,
kuma wanda ya ɗanɗana ba ya mantawa.
Wani daren nakan ƙara raka'a biyu a ɓoye,
in kwanta da wuri, kunnena a wajen ladan.

Shekaranjiya, ina ruku'u a raka'a ta biyu,
na ji kiran nan ya dawo daga ƙetare.
Ban sani ba ko wancan ne,
ko wani mai sammako ke neman fito.
Na ƙarasa sallata tukuna,
sannan na kwance jirgi.