Gurbin Fijo

A ƙofar gidana, ƙarƙashin maina,
akwai wani baƙin tabo a ƙasa,
faɗinsa bai wuce faifai ba.
Shekara goma sha tara Fijon Bappayo
tana kwana a nan tana ɗigar da mai.
Ranar rabon gado tura ta aka yi,
don ko tari ta ƙi yi.
Tabon ne kaɗai bai shiga rabo ba.

Sai asibitin bayanmu ya sa maigadi,
aka ce ciki na likitoci ne.
Tun daga ranar Jekadafari ta cika da ƙarfe.
Kafin in idar da lazimin safe
an toshe mini ƙofa.
Mai ruwa ya tsaya da kurarsa yana leƙe,
buhun gawayina sai ta kan katanga,
ni kuwa in fita a karkace
kamar wadda ta shigo sata gidanta.

Na jera duwatsu uku, aka mirgine.
Na sa tsohuwar taya, yara suka gara ta.
Hammayo jikana ya rubuta a bango:
BA A FAKIN A NAN.
Motar farko ta rufe rubutun.

Wani mai babbar riga, gilashi rabi a sauke,
ya ce, “Hajiya, titi na gwamnati ne.”
Na ce, “Gwamnati ce ta dasa mainar?
Ita ke share ganyen da asuba?
Da kwata ta cushe da damina
ban ga gwamnati da shebur ba.”
Ya danna makulli, motar ta ƙifta mini ido,
ya bar ni da sauran magana a baki.

Muka je gaban Jauro.
Ya ce daga zaure zuwa kwata nawa ne,
daga kwata zuwa can na kowa.
Na ce, inuwar fa?
Ya ce inuwa ba ta da takarda.
Aka yi dariya. Ban yi ba.
Daren nan na ba Hammayo tsinken ashana,
na nuna masa inda iskar taya ke fita.
Allah ya yafe mini. Sau biyu ne kawai.

Wata Talata wata Golf mai lambar Kaltungo
ta tsaya daidai kan tabon.
Na fito da tsintsiya, harshena a wase.
Mutumin bai ko gan ni ba.
Ya buɗe baya, ya ciccibo mace
wadda ba ta fi zanin jikinta nauyi ba.
Takalminta ɗaya ya faɗa kwata.
Ya tafi ya bar taga a buɗe.

Kwana tara motar na nan.
Maina ta zuba mata ’ya’ya, tsuntsaye suka yi nasu.
Da hadari ya haɗo
na sa Hammayo ya toshe tagar da buhu.
Takalmin na wanke, na ajiye bayan ƙyaure.
Da wani ya zo zai matse ta ta baya
ni na kore shi. Na ce akwai mai wuri.

Ran na goma ya dawo shi kaɗai,
da tabarma a naɗe, da fulas, da kwanon sha.
Ya ce sunansa Yila.
Ya ce, “Mama, na tare miki ƙofa.”
Na ce, “Sha ruwa tukuna.”
Takalmin na nan taku biyu daga hannuna,
na kasa miƙa shi.
Motar ta ƙi tashi.
Muka tura, ni da Hammayo da mai ruwa.

Da ta sha kwana na duba ƙasa:
sabon ɗigo, ɗanye,
kusa da na Bappayo.

Gobe zan fito da duwatsuna,
kada wani ya zaci na sauka daga magana.
Yau dai ban share wurin ba.