Ƙirgen Ƙaya a Gaɓar Peleng

Sarlina ta zo daga Luwuk da kwalabe goma sha ɗaya
da littafin da ruwa ba ya jiƙawa.
Ni nawa kwalekwale ne, da sanin inda dutse ke ɓuya.

Kifin da take nema bai kai ɗan yatsana ba.
Ido ya fi ƙarfin fuskar,
kamar wanda aka bar wa gadin duhu tun yana yaro.
Da rana yana laɓe cikin rassan murjani,
sai magariba ya fito kiwo.

Mu nan suna ɗaya muke kiran su, duk yawansu.
Ita ta ce a'a, iri biyar ne, wataƙila shida.
Ta kwantar da ɗaya a faranti,
ta ɗaga masa ƙayar baya da bakin allura:
bakwai a gaba, sai tazara, sai wata tutar.
Ta ƙirga ɓawo daga kunne zuwa wutsiya,
ta ɓata, ta ja tsaki, ta koma farko.

Dubi, Jumardin, in ji ta,
wannan zanen ƙarƙashin idonsa siriri ne kamar hawaye,
na wancan ya yi faɗi.
Na ce: to, faɗin hawaye ne ya raba musu gida?
Ta ce ai da can gida guda aka cusa su da wasu,
suka daɗe suna amsa sunan maƙwabta,
har wani mai haƙuri ya zauna ya ƙirga.

Daren Laraba fitila ta kamo mana na shidan.
Haɓarsa a kumbure.
Ta leƙa: ƙwai ne cike da baki, ja-ja, kowane da ɗigon ido.
Uban ne, ta ce a hankali.
Kwana da kwanaki bai sa komai a ciki ba,
abinci na wucewa ta gaban hancinsa.

Kwalbar ƙarshe na buɗe a hannunta.
Ruwa na bugun katako.
Ni dai na riƙe fitila, ban ce uffan ba.

Da asuba muka juya gida.
Kwalabe goma na ƙara a cikin akwati,
ta sha ɗaya babu komai sai ruwan magani
da takarda manne a jiki:
kwanan wata, zurfin kamu huɗu,
da wurin suna, fari fat.